Dutsen ƙanƙara: shaidar tafkin kanwa ko ta teku?

Dutsen ƙanƙara, wanda kakanni ke ƙyasta wuta da shi, ya daɗe a wurin masana ƙasa a matsayin ɗan teku: ƙwarangwal ɗin ƙananan halittun ruwa ne ke narkewa, sinadarin silika da ke cikinsu ya dunƙule ya zama dutse. A 1967 ɗaya daga cikinsu, Hans Eugster, ya zo da wata hanya daga tafkin Magadi na Kenya. Ruwan da kanwa ta yi wa yawa yana narkar da silika fiye da kima. Idan ruwan sama ya tsarma shi, sai wani farin taɓo mai laushi ya kwanta, wanda Eugster ya raɗa wa suna magadiite. Da tafiya ta yi nisa, ruwa ya wanke gishirin, taɓon ya tsuke ya taurare ya zama ƙanƙara. An samu irinsa a fadamun kanwa na Kanem a Chadi, inda a 1972 aka bayyana ɗan'uwansa kanemite.

To, wanda ya tsinci ƙanƙara a tsaunukan Adar, tsakanin Garhanga, Keita, Buza da Madawa, zai iya cewa nan ma tafkin kanwa ya taɓa kwanciya? Ni ina ganin hakan gaggawa ce. Ƙanƙarar tafki tana da tambarinta: bayanta fari ne mai tsage-tsage kamar fatar kada saboda tsukewar da ta yi, wani lokaci har da gurbin ƙwayoyin kanwa da suka narke suka bar rami. Farar ƙasar Adar kuwa, irin wadda ake haƙa don siminti a Malbaza, cike take da ɓawon dodon koɗi da sauran halittun ruwan gishiri. Ta kwanta ne kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale wannan yanki har Sakkwato. Waɗannan halittu ba sa rayuwa cikin ruwan kanwa mai ƙarfi.

Wani zai ce ai teku ya janye, kuma ƙasar da ta ga damina mai yawa shekara 10,000 baya ba za ta rasa tafkuna ba. Gaskiya ne, amma tafki daban, tafkin kanwa daban: sai kwari marar mafita, inda rana ke shanye ruwa ta bar gishiri. Ko tsagewar bayan dutse ba ta isa hujja ita kaɗai ba, don bushewa ma na tsaga laka. Hukunci yana ga shimfiɗar da dutsen ya fito, kuma shimfiɗar farar ƙasar Adar ta teku ce.