Ƙaiƙayi Koma Kan Masheƙiya: Yadda Yaƙin Afirka Ya Tumɓuke Gwamnatin Fotugal

A watan Mayu na 1965 ƙungiyar marubutan ƙasar Fotugal ta ba da babbar kyautarta ta ƙagaggun labarai ga wani ɗan littafi mai suna Luuanda. Marubucin, Luandino Vieira, bai sami zuwa karɓa ba, domin yana tsare a kurkukun Tarrafal da ke tsibiran Kef Bad, bisa laifin goyon bayan 'yancin Angola. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta rushe ƙungiyar, aka farfasa ofishinta a Lisbon, aka kama wasu daga cikin alƙalan gasar. Mu da muke taruwa da sunan rubutu, ya kamata mu tambayi kanmu: wace irin gwamnati ce ke jin tsoron littafin labarai haka, kuma yaya ta ƙare?

Fotugal ƙaramar ƙasa ce a ƙuryar yammacin Turai, amma ita ta riga sauran Turawa kafa ƙafa a Afirka, tun da ta ci garin Sabta na gaɓar Maroko a 1415. A 1910 mutanenta suka kawar da sarauta suka kafa jamhuriya, sai dai zaman bai yi daɗi ba, don cikin shekara 16 an yi gwamnatoci fiye da 40. Da abin ya ishi soja sai suka karɓe mulki a 1926. Bayan shekara biyu suka gayyato wani malamin tattalin arziki daga Jami'ar Koyimbira, wato Antonio Salazar, ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Sannu a hankali baƙo ya zama mai gida. A 1932 ya zama firayim minista, a 1933 kuma ya kafa tsarin da ya kira Sabuwar Ƙasa: jam'iyya ɗaya, babu yajin aiki, ga 'yan sandan ciki da daga baya aka sani da PIDE, ga masu tace rubutu da ke bin jaridu da shuɗin fensir suna soke duk abin da bai yi wa gwamnati daɗi ba.

Da guguwar neman 'yanci ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila da Faransa suka fara tattara nasu ya nasu. Salazar kuwa sai ya yi dabara. A 1951 aka gyara doka aka ce Fotugal ba ta da wata ƙasar da take mallaka, larduna kawai gare ta a ƙetaren teku. Wato a takarda Angola da Mozambik ɗaya suke da Lisbon. Amma canza suna bai cire aikin tilas daga wuyan manomin auduga ba, bai kuma gina masa makaranta ba.

A 1961 wuta ta kama. A watan Fabrairu aka kai hari gidajen yari na Luwanda, a Maris arewacin Angola ya yamutse, a Disamba kuma Indiya ta ƙwace Gowa cikin kwana biyu. Ƙungiyar PAIGC ta Amilkar Kabral ta ɗauki makami a Gini Bisau a 1963, FRELIMO ta Eduwado Mondlane ta bi sahu a Mozambik a 1964. Ga ƙasa mai mutane ƙasa da miliyan 10, cikin mafi talauci a yammacin Turai, tana yaƙi a fage uku masu nisa da juna. Kimanin kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗinta ya riƙa tafiya ga soja. Aikin soja na dole ya kai shekara huɗu, samari kuwa suka yi ta sulalewa ta kan iyaka zuwa Faransa neman aikin ƙarfi. Mu ma abin ya shafe mu, domin lokacin yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 Fotugal ta buɗe wa Biyafara ƙofa, jirage suna tashi daga Lisbon da tsibirin Sawo Tome.

A 1968 ciwo ya kwantar da Salazar, Marselo Kayetano ya gaje shi, amma an canza direba ne kawai, mota na kan hanyarta. An kashe Mondlane a Darussalam a 1969 da bam cikin ƙunshin saƙo, aka harbe Kabral a Konakiri a Janairun 1973. Duk da haka yaƙi bai lafa ba, har ma PAIGC ta yi shelar 'yancin Gini Bisau a Satumban wannan shekara.

Ƙananan hafsoshi, musamman masu muƙamin kyaftin da aka yi ta mayar da su daji karo bayan karo, su suka fara gane cewa wannan yaƙi ba shi da ranar ƙarewa. Suna cikin ƙus-ƙus sai ga wani littafi kuma. A Fabrairun 1974 Janar Antonio Spinola, tsohon gwamnan Gini, ya fitar da littafin da ma'anar sunansa ita ce Fotugal da Makomarta, inda ya nuna cewa bindiga ba za ta warware matsalar ba, sai siyasa. Jama'a suka yi rububinsa. Gwamnati ta sauke shi daga muƙaminsa a Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Bayan tsakar daren 25 ga Afrilu, 1974, wani gidan rediyo ya sa waƙar Zeca Afonso, mawaƙin da gwamnati ta daɗe tana takura wa. Ita ce alamar da hafsoshi suka shirya. Kyaftin Salgero Maya ya taso da motocin sulke daga Santarem, ya kewaye barikin Karmo inda Kayetano ya fake, kafin dare kuwa ya miƙa mulki ga Spinola. An ce wa farar hula su zauna gida, suka ƙi, suka cika tituna suna soka jajayen furanni a bakin bindigogin soja. Mutum huɗu 'yan sandan ciki suka harbe a bakin hedkwatarsu. Mulkin shekara 48 ya faɗi a yini guda.

Abin da ya biyo baya ba zuma ba ne zalla. Fotugal ta amince da 'yancin Gini Bisau a Satumban 1974. A 1975 Mozambik da Kef Bad da Sawo Tome da Angola suka samu nasu, Angola kuwa mawaƙi kuma likita, Agostino Neto, shi ya fara shugabantarta. Amma an fita a gaggauce ba tare da shiri ba. Kimanin mutum 500,000 suka kwarara Fotugal, wasunsu ba su taɓa ganinta ba. Yaƙin basasa ya ci Mozambik har 1992, Angola har 2002, Indunisiya kuma ta mamaye Timor ta Gabas a Disamban 1975. Ita Fotugal ta yi zaɓe na gaskiya a Afrilun 1975, ta sami sabon tsarin mulki a 1976.

Mun saba jin cewa Turawa ne suka ba Afirka 'yanci. A nan kam sai mu ce manoman Gini da Angola da Mozambik su suka gajiyar da sojan da ya juya ya kwance wa mutanen Lisbon mari. Gwamnatin da ta rushe ƙungiyar marubuta don littafi guda, ba ta cika shekara tara ba bayan nan, kuma littafi da waƙa na cikin abubuwan da suka raka ta kabari. Luandino Vieira ya fito daga Tarrafal a 1972, ana karanta littafinsa har yau. Mai shuɗin fensir kuwa, wa ya san sunansa? Allah Ya ba mu ikon rubuta gaskiya ko da ba a so.