Daga Littafin Waƙoƙi zuwa Ganga: Sauyin Ibadar Kiristoci a Kudancin Katsina

Aƙidar tsarkaka a Kiristanci ta samo tushe daga koyarwar John Wesley a Ingila cikin ƙarni na 18, wanda ya ce mai bi yana iya kaiwa ga tsarkin zuciya tun yana raye. A Amurka mabiyanta sun shahara da kuka da ɗaga murya a tarukan farfaɗowa, kuma daga cikinsu ne Fentikostal ta tsiro a 1906.

Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa mishan ta SIM a 1893, ya fara wa'azi ne a Salvation Army, wadda reshe ce ta wannan aƙida. Sai dai abin da SIM ta kawo ƙasar Hausa ibada ce ta natsuwa. Turawan mulki sun daɗe suna tsare mishan daga masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 ta samu ƙofa ta asibitocin kutare, ciki har da Babbar Ruga a Katsina. Daga baya ECWA, wadda aka kafa a 1954, ta samu mabiya cikin Maguzawan kudancin Katsina, yankin da ya haɗa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ga Bamaguje, tsarkaka na nufin barin giya da bori da auren mace fiye da ɗaya. Kiɗa kuwa abin zargi ne, domin da shi ake kiran iskoki, don haka aka dogara ga Littafin Waƙoƙi.

Mata ne suka fara sassauta wannan. Zumuntar Mata ta shigo da tulu da caki da waƙoƙi masu karin Hausa, sannan guguwar Fentikostal ta shekarun 1970 ta ƙaro ganga da addu'ar kuka. Ko Deeper Life, wadda William Kumuyi ya fara a Legas a 1973 kuma ta yi suna da ƙyamar talabijin, yau da shi take yaɗa wa'azinta.

Ɗalibin Musulunci ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malamanmu sun yi saɓani kan sama'i da wajdi tun kafin Imam Gazali, kuma taƙaddamar bandiri tsakanin Ƙadiriyya da Izala reshenta ce. Tambayar ɗaya ce: shin hawaye da motsin jiki alamar khushu'i ne, ko ribatar nafsu? Mai da'awa a ƙauyukan nan yana buƙatar sanin cewa maƙwabtansa sun daɗe suna wannan muhawara a tsakaninsu. Allah ne Mafi sani.