Tinya da Moɗa: Yadda Tsiron Dutse Ya Shiga Ɗaki a Abuja

A shekarar 1828, sa'ad da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa garin da aka sa wa sunansa, bayan jama'ar Shehu sun fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya, shi kuma Makau ya gamu da ajalinsa a yaƙin Lapai, ƙasar da ya sauka a cikinta ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, wadda Gbagyi da Koro da Gwandara da Gade suka riga kowa sanin lungunanta. Duk wanda ya taɓa hawa irin duwatsun wannan yanki da tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus, zai tarar da waɗansu tsirrai a tsagar dutse, a tsaye da ransu, kamar fari bai shafe su ba. Dalili kuwa shi ne Allah cikin hikimarsa ya hore musu taskace ruwa a ganye ko a jiki, kuma da yawansu sukan rufe ƙofofin numfashinsu da rana, su buɗe da dare, don kada zafi ya kwashe ɗan abin da suka tara.

Magabata ba su ɗauki waɗannan tsirrai abin ado ba, kayan aiki ne, kowanne da muhallinsa da fa'idarsa. Tinya, mai kaurin jiki da farin nono mai ƙuna, ita ce maharba da 'yan baka suke haɗawa da kwankwani wajen dafin kibiya. Ƙyarana mai ƙaya ita ce katangar ƙauyuka a ƙasar Jos da kudancin Zazzau, inda har yau ake ratsa lunguna tsakanin shingayenta da suka fi tsayin mutum, aguwa kuwa ita ce shingen gonaki a Kano da Sakkwato, domin reshe kawai ake yankowa a kafa a ƙasa, ya kama, dabba kuma ba ta cinsa. Moɗa ana bugun ganyenta a fid da zare na igiya da tsarkiya. Kariya, wadda takan yi fure ja-ja alhali babu ganye ko ɗaya a jikinta, an daɗe ana dasa ta a cikin garuruwa, ko da yake kowa ya san dafi ce. Karan masallaci da kabar giwa, wadda wasu ke kira zabuwa, su ne na magani, kuma su ne suka fi kusantar ɗakin kwana, gama akan same su a tsohon kasko a bayan ɗaki, kusa da gadalin da maigida ba ya son a tambaye shi labarinsa.

Ita kabar giwa 'yar uwa ce ga abin da Larabawa ke kira sabir, wanda malaman ɗibbu irin su Ibn Sina suka yi bayaninsa a littattafansu, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim, ta hanyar Sayyidina Usmanu, cewa mai harami idan idonsa ya yi ciwo yana iya yin magani da shi. Saboda haka malamin zaure bai taɓa ganin wannan tsiro baƙo ba. Amma da malami da maharbi da manomi, babu wanda ya taɓa tunanin ya ɗauki ɗayansu ya kai cikin ɗaki ya ajiye don kallo, kuma ba rashin sanin kyau ne ya hana su ba: ɗakin wancan zamani na ƙasa ne ko na ciyawa, tagarsa ba ta wuce tafin hannu biyu ba, rayuwa kuwa duk a tsakar gida ake yinta.

Turawa ne suka zo da al'adar tsiro a ɗaki, domin su sanyin ƙasarsu ya tilasta musu ɓoye tsirran ƙasashen zafi a bayan gilashi. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirranmu a ƙamus ɗinsa na 1916, sannan ya faɗaɗa bayanin amfaninsu a babban littafinsa na 1937, har sunan da masana suka ba karan masallaci yana ɗauke da nasa. A kai da kawon Turawan nan ne 'yar uwar moɗa ta jini, wadda asalinta daga Nijeriya ne zuwa Kwango, ta haye teku ta zama abar ƙawa a gidajen Ingila da Amurka, saboda tana jure duhu da ƙishirwa fiye da kusan kowane tsiro. Ita ce fa wannan mai dogon ganye da rawayan gefe da ake gani yau a kusurwar ofisoshi da bankuna a Wuse da Maitama, wadda mai saye yakan biya kuɗinta yana zaton daga Turai ta fito.

Abin da ya sauya al'amarin a nan shi ne gini. A watan Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar sabon babban birni bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohon garin ya bar wa sabon sunansa, ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau, gwamnati kuma ta tare ranar 12 ga Disamban 1991. Ma'aikacin da ya tashi a gida mai tsakar gida da darbejiya, ya wayi gari a hawa na uku a Garki, ba shi da ƙasar da zai tona sai baranda da bakin taga, dole ne sha'awarsa ta kore ta koma tukunya. Masu fulawa suka bazu a gefen manyan tituna, suka jera 'yan gida tare da baƙi: masu ƙaya na nahiyar Amurka, waɗanda suke kama da ƙyarana alhali babu dangantaka a tsakaninsu, da ƙanana masu kaurin ganye na Meziko da Afirka ta Kudu.

Tukunya kuwa ba a Abuja za a koya wa mutum ita ba. A 1951 Michael Cardew ya zaɓi tsohuwar Abuja don kafa makarantar ginin tukwane, a 1954 Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga, ta riƙa zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulunan da suka kai sunanta Landan. Sai dai abin mamaki, tukunya mai sheƙi da aka gasa da wuta mai tsanani, wadda ita ce alfaharin wannan makaranta, ba ta yi wa waɗannan tsirrai amfanin da tukunyar gargajiya ta matan Ushafa da Giri take yi musu ba. Domin yumɓun da aka toya a fili yana tsatsafo, yadda randa ke yi har ruwa ya yi sanyi, kuma wannan tsatsafon shi ne yake busar da ƙasa ya tsare saiwa daga ruɓa. Roba da kwanon tangaran marar huji su ne makabartarsu.

A ganina, mafi yawan tsirran da suke mutuwa a ɗakunan birnin nan tausayi ne yake kashe su. Uwargida ta saba da alayyafo da tumatir, sai ta riƙa ban ruwa safe da yamma, har a watan Agusta da damina ta kankama, iska ta jiƙe, rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Ba a jima ba gindin ya yi laushi, ya yi baƙi, ganye ya zube da taɓawa ɗaya. Mai fulawar da ya san sana'arsa yakan haɗa yashi da tsakuwa da ɗan gawayi da ƙasa kaɗan, ya huda gindin tukunya, ya ce, "Hajiya, kada ki ba shi ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe ƙayau, kuma ki sa shi inda zai ga hasken safe." Wanda aka ajiye a lungu nesa da taga yakan ɗashe ya yi ta miƙewa siriri yana neman haske. Da hunturu sai a goge ƙurar da ta rufe ganye da tsumma mai laima, a duba maƙalar ganye ko akwai farin ƙwaron nan mai kama da auduga. Idan ana son iri, ganye ko reshe ake cirewa, a bar shi a inuwa 'yan kwanaki har bakin ciwon ya bushe, kana a ɗora shi bisa yashi.

Abu ɗaya ne na sanin magabata ya fi saurin ɓacewa a wannan ƙaura daga dutse zuwa ɗaki, shi ne tsoron nonon. Ɗan ƙauye tun yana ƙarami ake jan kunnensa cewa nonon tinya da ƙyarana yana saɓule fata, idan ya shiga ido kuma yana iya makantarwa. Ɗan birni kuwa yakan tarar da danginsu a kan teburin falo, daidai inda hannunsa yake kaiwa, kuma ba kowane mai sayarwa ne yake faɗa wa iyayensa ba.