Gadon Bindiga: Abin Da Doka Ta Tanada Idan Mai Lasisi Ya Rasu

A Potiskum da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Jihar Yobe, ba abin mamaki ba ne a tarar da bindigar farauta cikin kayan da magidanci ya mutu ya bari. Farauta tsohuwar sana'a ce a yankin, kuma bayan hare-haren da garin ya fuskanta, ciki har da na kasuwar shanu a watan Mayun 2012 wanda ya halaka mutane da dama, mafarauta da 'yan banga sun ƙara samun gurbi a harkar tsaro. Sai dai magada da yawa suna ɗaukar bindiga tamkar gona ko saniya, wato wanda ta faɗa rabonsa ya ɗauka. Doka ba haka take kallonta ba.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Wannan ne ya sa lokacin da Gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a a watan Yunin 2022 da su nemi bindigogi don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja, masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na biyu sun haɗa da bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasisinsu. Na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka ko bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke da ikon wajabta musu lasisi. Ma'anar bindiga a dokar ta haɗa har da sassan jikinta.

Lasisin na mutum ne shi kaɗai, domin an ba shi ne bisa la'akari da halinsa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ɗa yana iya gadon ƙarfen, amma ba ya gadon shaidar da hukuma ta yi wa mahaifinsa.

Idan mai lasisi ya rasu, dokar ta yarda wanda kayan mamacin ke hannunsa bisa ƙa'ida, ko wanda aka yi wa wasiyyar bindigar, ya riƙe ta na kwana 14 kacal daga ranar rasuwa. Ko cikin wannan wa'adi 'yan sanda na iya karɓarta su ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an samu sabon lasisi. Wa'adin gajere ne ƙwarai idan aka auna shi da al'ada: yakan cika ana tsaka da karɓar gaisuwa, tun ba a kai ga sadakar arba'in ba, balle a zauna rabon gado. Kotun Shari'ar Musulunci na iya ƙiyasta kuɗin bindigar ta sanya ta cikin rabon wani magaji, amma wannan hukunci bai zama izinin riƙe ta ba. Abin da ya fi dacewa da iyali shi ne su kai ta ofishin 'yan sanda tare da lasisin mamacin, su karɓi takardar shaidar miƙawa. Riƙe bindiga ta rukuni na biyu ba lasisi na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyar, ta rukunin farko kuwa aƙalla shekara 10.

A Amurka an samo wata hanya ta daban. Dokar Bindigogi ta Ƙasa ta 1934 ta wajabta yin rajistar wasu kayayyaki, ciki har da na'urar rage ƙarar bindiga, tare da harajin dala 200. Masu mallaka sukan kafa amana a rubuce, su yi rajistar na'urar da sunan amanar maimakon sunan mutum. Ta haka amintattu da yawa, alal misali miji da mata, za su iya amfani da ita, kuma takardar ta fayyace wanda za ta koma hannunsa bayan mutuwa. Tun daga watan Yulin 2016 hukumar ATF ta wajabta wa kowane amintacce gabatar da hoto da zanen yatsu don a bincike shi. An soke harajin dala 200 a kan wannan na'ura daga 1 ga Janairun 2026, amma rajista na nan.

A Najeriya kuwa, ƙungiyar mafarauta ko ta 'yan banga na iya yin rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni ƙarƙashin dokar 2020, ta mallaki fili ko asusun banki da sunanta. Wannan rajista ba ta maye gurbin lasisin bindiga. Hatta kamfanonin gadi masu zaman kansu, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga.

Akwai kuma wani cikas ga magaji. A watan Agustan 2023 Kayode Egbetokun, wanda a lokacin yake riƙon muƙamin Sufeto Janar, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasa saboda yawaitarsu a hannun jama'a. Don haka kafin magaji a Potiskum ya sa rai da karɓo bindigar mahaifinsa, sai ya fara tuntuɓar Rundunar 'Yan Sandan Jihar Yobe a Damaturu, ya ji matsayin da ake ciki game da sabon lasisi.