Tarihin Narkar da Gudan Jini ta Siririn Tiyo

Wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko da takarda yana tambaya: wai da gaske ne likitoci na narkar da jinin da ya daskare cikin jijiya ba tare da an tsaga mutum ba? In haka ne, wa ya faro abin?

To malam, gaskiya ne. Ka ɗauki jijiyar jini kamar magudanar ruwa a lambun rani. In laka ta toshe ta, shukar da ke gaba sai ta bushe. Haka ƙafa ko zuciya take in gudan jini ya tare mata hanya.

Wannan aiki kuwa abubuwa biyu ne suka haɗu, watau tiyo da magani, kowanne da tarihinsa. A shekarar 1929, wani matashin likita Bajamushe mai suna Werner Forssmann ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa da kansa, ya tura shi har zuciyarsa, kana ya tafi aka ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. Da farko manyansa suka yi masa ca, amma a 1956 ya samu lambar yabo ta Nobel tare da wasu likitoci biyu.

Shi kuwa maganin, a 1933 ne Dakta William Tillett na Amurka ya lura cewa wata ƙwayar cuta tana fitar da wani sinadari mai narkar da daskararren jini. Shi ne aka raɗa wa suna streptokinase. Sai dai kash, in an ɗura shi da yawa ya gauraye jiki duka, yakan jawo zubar jini, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa.

Nan ne wani Ba'amurke, Dakta Charles Dotter, ya shigo. Tun a 1964 ya buɗe toshasshiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa 'yar shekara 82 da tiyo, bayan ta ƙi yarda a yanke mata ƙafar. A 1974 kuma ya nuna cewa in an kai bakin tiyon har kan gudan jinin, ana ɗiga maganin a hankali, ɗan kaɗan ma ya isa. Likitocin Rasha a 1976, da na Jamus a 1979, suka gwada irin wannan dabara a jijiyoyin zuciya.

Yadda ake yi shi ne, a huda jijiyar da ke gindin cinya, a zura tiyon ana kallonsa a na'ura, maganin ya yi ta ɗiga na wasu sa'o'i, ko kwana ɗaya zuwa biyu. Ba kowa ake yi wa ba. Wanda bai daɗe da yin tiyata ba, ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini, akan nema masa wata hanya.

Abin lura a nan, jama'a, shi ne lokaci. In ƙafa ta ɗauki zogi farat ɗaya, ta yi sanyi, ta mace, naman yakan fara lalacewa cikin kamar sa'o'i 6. Kada a tsaya yin ƙaho ko gashi da ruwan zafi, a garzaya babban asibiti tun da sauran dama.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.