Kufena: Yadda Dutse Ya Zama Hurumin Ƙasa

Gabatarwa

Matafiyin da ya kusanto Zariya, tun kafin ya hango ganuwar birni, idonsa kan fara sauka ne a kan wasu baƙaƙen duwatsu da suka miƙe yamma da gari, dab da Wusasa. Waɗannan su ne duwatsun Kufena. A shekarar 1956 gwamnatin Nijeriya, wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila, ta sa su cikin jerin wuraren tarihin ƙasa waɗanda doka ta hana a ɓata. Galibin abin da ke cikin wannan jeri aikin hannun ɗan'adam ne, kamar masallatai da gidajen sarauta da kaburbura. Kufena kuwa halittar Allah ce, aka kuma kare ta ɗungurungum, har da gonakin da ke gindinta.

Bahaushen da aka haifa a unguwar New Bell ta birnin Duwala bai tashi da ganin irin waɗannan duwatsu ba, domin garin na zaune ne a bakin kogin Wuri, ƙasar dausayi da rairayi. Sai dai unguwar da yake ciki ta samo asali ne daga filin da hukuma ta karɓe da sunan amfanin jama'a. Saboda haka tambayar da tarihin Kufena ke tayarwa ta shafe shi: idan an ce wuri na jama'a ne, wace jama'a ake nufi, kuma wa zai tsare shi?

Hurumi kafin zuwan takarda

Hausa ba ta rasa kalmar wannan abu ba. Hurumi shi ne filin da gari ya keɓe, wanda babu mai ikon cewa nasa ne shi kaɗai, irin su maƙabarta da filin idi da makiyaya da sararin da ake bari a bayan ganuwa. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, har ake cewa kotu kaza ba ta da hurumin sauraron ƙara, wato abin ya fita daga iyakarta. Asalin kalmar Larabci ne, kuma fiƙihu ya yi mata babi. Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Halifa Umar ya keɓe na Rabaza. A ƙasar Hausa ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafin Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da abin da ba ya halatta mutum guda ya mallake.

Tun kafin fiƙihu ya iso, duwatsu suna da nasu tsaron. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya yi bayani a 1970 cewa manyan biranen Hausa da dama sun tsiro ne a gindin irin waɗannan duwatsu. A nan ake samun ruwan da ke gangarowa, da ƙasa mai albarka, da tamar ƙira, da mafaka ranar yaƙi. A nan kuma mutanen dā suka yi imani iskoki ke zaune. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a Dutsen Dala. Ruwayoyin Zazzau kuwa sun nuna cewa sarauta ta zauna a Turunku, ta ratsa ta Kufena, kafin ta kafu a Zariya, suna kuma danganta wannan ƙaura da zamanin Bakwa Turunku a ƙarni na 16. Har yau akwai kufan ganuwa a kewayen Kufena, waɗanda masanin tonon ƙasa John Sutton ya nazarta a shekarun 1970.

Wurin da ake shakkar masu shi na ɓoye, babu mai kai masa gatari ko guduma. Da Musulunci ya kafu, wannan shakka ta ragu, amma dutsen ya ci gaba da zama a hannun sarki da talakawansa. Mai kiwo ya kai awakinsa, mai itace ya yi itace, manomi ya noma gindinsa.

Dokoki biyu

Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan domin duba tsarin mallakar ƙasa a Arewa, zamanin Gwamna Percy Girouard. Sakamakonsa shi ne dokar 1910, wadda ta ce duk ƙasar Arewacin Nijeriya tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. A takarda ke nan, Kufena ta zama ta jama'a tun ranar. Amma dokar ba ta hana Gwamna bai wa kamfani izinin haƙa ko fasawa ba. Tsaunukan Jos shaida ne, inda kamfanonin kuza suka yi ta birkice ƙasa da izinin hukuma.

Abin mamaki, daga cikin wannan haƙar kuza ne kariyar ta fito. A ramukan kuza aka riƙa tono kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka ja hankalin wani jami'in mulki mai ilimin tonon ƙasa, Bernard Fagg. Kafin shi akwai Kenneth Murray, malamin zane da ya zo Nijeriya a 1927, wanda ya yi ta kai kuka ga gwamnati cewa kayan tarihin ƙasar na lalacewa ko ana kwashe su zuwa Turai. A 1943 aka naɗa Murray ya kafa sashen kula da kayan tarihi. Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A 1953 aka zartar da Dokar Kayan Tarihi, wadda ta kafa hukuma ta musamman, aka kuma ɗora masanin tarihi Kenneth Dike a kan shugabancinta. Dokar ta ba da ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihin ƙasa, ta hana rusa shi ko sauya shi ko tona shi ba da izini ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje sai da takarda.

An tsara dokar ne da gumaka da gine-gine a zuci. Yadda ta kai ga duwatsu ya biyo ta Birnin Kudu.

Daga Birnin Kudu zuwa Kufena

A tsakiyar shekarun 1950 Fagg ya nazarci kogunan duwatsun Birnin Kudu, wadda a lokacin take Lardin Kano, yanzu kuwa Jihar Jigawa. A jikin duwatsun akwai zanen shanu da jan launi da fari da baƙi, ciki har da shanu marasa tozo, irin waɗanda ba a kiwo a yankin yanzu. Ya kuma tarar da wasu duwatsu masu amo, waɗanda idan an buga su da ɗan dutse suke ƙara kamar ƙuge, jikinsu duk gurabun bugun shekara da shekaru. Ya gabatar da wannan bincike a taron masana tarihin dā na Afirka da aka yi a Livingstone a 1955, ya kuma buga bayanin duwatsun masu amo a 1956.

Kan yumɓu ana iya ɗauke shi a kai Jos a sa a akwatin gilashi. Zanen da ke jikin kogo kuwa sai dai a tsare shi inda yake, wanda hakan ke nufin tsare dutsen kansa. Don haka a 1956 aka ayyana zanen Dutsen Mesa, a 1964 kuma aka ƙara da wasu duwatsun garin, irin su Habude da Murufu. A Lardin Bauci ma an ayyana zanen Geji da na Shira.

Sanarwar Kufena ta 1956 ta zarce nan. Ta ambaci duwatsun gaba ɗaya, ta haɗa da filin noma mai faɗin ƙafa 300 daga gindinsu, wato kimanin mita 90. Wannan zobe na fili shi ne hurumi a sabuwar riga. Masu sanarwar sun gane cewa idan gini ya manne wa dutse, ko an haƙe gindinsa, to an ɓata shi ko da ba a taɓa ƙololuwarsa ba. Abin lura kuma, sanarwar da kanta ta kira filin gona, wato ta san akwai masu noma a wurin.

Jama'ar da ake nufi

Amfani da dokar kayan tarihi domin kare dutse ba a Nijeriya aka fara shi ba. A Amurka an yi irin wannan doka a 1906, kuma wuri na farko da Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana da ita a shekarar shi ne wani dogon dutse a Jihar Wyoming mai suna Devils Tower. Tun kafin nan, a 1864, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta miƙa kwarin Yosemite mai manyan duwatsu ga Jihar Kalifoniya, bisa sharaɗin a bar shi domin shaƙatawar jama'a, kada a sayar har abada. Sai dai a 1851 mayaƙan Turawa sun riga sun far wa 'yan asalin kwarin, sun ƙone ƙauyukansu. A duwatsun Matobo na ƙasar Zimbabuwe ta yau, inda aka binne Cecil Rhodes a 1902, an kafa gandun shaƙatawa a 1926, daga baya aka tashi mutanen da ke noma da bauta a cikinsa. A wuraren nan biyu, jama'ar da aka tsare wa dutse daban, jama'ar da aka tarar a gindinsa daban.

Mutanen Duwala sun ɗanɗani irin wannan, ko da yake a kansu fili ne na bakin ruwa. Yarjejeniyar da sarakunansu suka ƙulla da Jamusawa a Yulin 1884 ta bar musu filayen da suke zaune da waɗanda suke nomawa. Amma daga 1910 gwamnatin Jamus ta tsara karɓe bakin kogin domin Turawa, da hujjar kiwon lafiya, ta ware wa 'yan ƙasa sababbin unguwanni a baya, da tazarar kilomita 1 ta fili wanda ba a zama a cikinsa. Ɗaya daga cikin unguwannin ita ce New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya jagoranci adawa da shirin, aka rataye shi tare da Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ji an ce an keɓe fili domin jama'a ya yi saurin tafawa ba, sai ya tambayi wa aka tasa. Da wannan ma'auni, sanarwar Kufena tana da abin yabo, domin abin da ta haramta shi ne ɓarna.

Bayan sanarwa

Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, ta gaji jerin ta ci gaba da ƙara masa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta mayar da ƙasar kowace jiha hannun gwamnanta a matsayin amana. A 1979 aka maye gurbin tsohuwar hukuma da Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Wannan ya haifar da rabuwar iko: mai kula da dutse hukumar tarayya ce, mai raba filayen da ke kewaye da shi kuwa gwamnatin jiha ce da ƙaramar hukuma.

A cikin waɗannan shekaru garuruwa sun bunƙasa. Zariya ta zama garin makarantu, musamman bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, buƙatar fili da tsakuwa ta ƙaru. Dutse wanda dā ba shi da farashi ya koma haja, ana fasa shi da nakiya ana sayarwa tifa-tifa domin titi da dakalin gini. A Kano gidaje sun kewaye Dala har gindinsa, zaizayar ƙasa na cin gefensa, duk da cewa tun 2007 Nijeriya ta miƙa sunansa tare da ganuwar birni da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Bango idan ya faɗi ana iya kwaɓa ƙasa a mayar da shi, amma dutsen da aka niƙa ya shiga kwalta ya tafi ke nan.

Kammalawa

Kufena ta ga masu tsaro iri uku. Na farko shakkar iskoki, na biyu hurumin gari a ƙarƙashin sarki da shari'a, na uku takardar gwamnati ta 1956. Biyun farko sun yi aiki ne domin mutanen wurin sun yarda da su, suna kuma ganin mai keta su da idonsu. Na uku ya fi su faɗin iko, amma ofishinsa na nesa, kuma da yawa daga maƙwabtan dutsen ba su taɓa jin labarin ƙafa 300 ɗin nan ba. Abin da Murray da Fagg da Dike suka bari shi ne hujja a rubuce, wadda mai unguwa ko malamin makaranta ko ƙungiyar matasan gari za su iya ɗauka su tsaya da ita gaban mai neman fasawa ko mai yanka fulotai. Ranar da aka wayi gari babu mai ɗaukar ta a Wusasa da Zariya, to sunan Kufena zai ci gaba da zama cikin jerin, ko da dutsen kansa yana raguwa.