Ƙaiƙayin Fata na Ekzima: Shin Allurar Sabawa Tana Magani?

Ekzima cuta ce da ke busar da fata, ta sa ƙaiƙayi mai hana barci, musamman a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya. Ba a ɗaukarta daga wani. Takan bi jinin gidan da ake da asma ko yawan atishawa. Ba ita ce ƙazuwa ko makero ba, don haka a bari likita ya tantance.

Mene ne allurar sabawa?

Ana ba ka ɗan mitsitsi na abin da jikinka ba ya so, ana ƙarawa sannu a hankali har jiki ya saba, ya daina bori. Likita Leonard Noon ne ya fara ta a Landan a 1911. Akan yi ta da allura, mako-mako da farko sannan wata-wata, ko da ƙwaya ko ɗigo a ƙarƙashin harshe kullum. Tana ɗaukar shekara 3 zuwa 5.

Wa ta dace da shi?

Ba kowa ba. An fi ganin amfaninta ga wanda cutarsa ta yi tsanani, maganin shafawa bai wadatar ba, kuma gwajin fata ko na jini ya nuna jikinsa ba ya jituwa da ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar katifa da matashi. Idan fatarka a lokacin hunturu kawai take tashi, kamar yadda ake yawan gani a Kurawa da Sabon Birni da Isa, sau da yawa bushewar iska ce. Allura ba ta gyara wannan.

Haɗarinta

Wurin allurar kan kumbura, baki kan yi ƙaiƙayi. Wani lokaci, ko da yake da wuya, numfashi kan sarƙe har ya kai ga rasa rai. Shi ya sa a asibiti kaɗai ake yin allurar, ka kuma zauna minti 30 bayanta. Mai asmar da ba ta lafa ba, ba a yi masa.

Me za ka yi yanzu?

Ka riƙa shafa man kaɗanya ko Vaseline da zarar ka fito wanka. Ka guji sabulu mai ƙarfi da man bilicin da haɗin kemis. Ka yanke wa yaro farce. Idan ƙaiƙayin ya ƙi, nemi takardar turawa zuwa likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Kafin ka fara, ka lissafa kuɗi da zirga-zirgar shekaru, domin yankewa a tsakiya asara ce.